Kifin Ƙasar Ƙanƙara a Babbar Kasuwar Kaduna



Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa cefane Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san layin masu kayan miya inda warin busasshen kifi ke tarar mutum tun daga nesa. A cikin kayan akwai wani kifi mai tauri kamar itace, wanda sai an sare shi da adda ko zarto. 'Yan'uwanmu Ibo suna ce masa okporoko, Yarbawa kuma panla. Sau da yawa kawunansa ake sayarwa, a jefa a miyar agushi ko ta ogbono. Wannan kifi bai fito daga Kogin Kaduna ba, bai fito daga Tafkin Chadi ko Yawuri ba. Asalinsa can ƙarshen duniya ne ta arewa, a ƙasar Norwe, inda ake kamo shi a tsakiyar lokacin sanyi. Bayansa akwai tarihin mutanen da suka shiga teku cikin duhu, waɗansu suka dawo, waɗansu kuwa ruwa ya ci su. Tarihin yana da abin da zai faɗa wa Kirista mazaunin Kaduna, shi ya sa na ga ya dace mu bi shi tare.

A arewacin Norwe akwai jerin tsibirai da ake kira Lofoten. Sun yi arewa ƙwarai, har daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta leƙowa sam a yawancinsu. Abin da suke samu ɗan haske ne da tsakar rana, kamar na bayan asuba, sai duhu ya sake rufewa. Mu da muke kuka da hunturu, muna rububin rigunan sanyi a gwanjo, muna zagaye mai shayi da safe, da an ajiye mu can kwana ɗaya da mun gode wa Allah saboda namu sanyin. Amma Mahalicci ya yi musu wani tanadi. Akwai wani ruwa mai ɗan ɗumi da ke gangarowa ta cikin Tekun Atilantika daga kudu, shi ke hana tekunsu daskarewa. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kifin da suke kira skrei yakan taso daga Tekun Barents, ya yi tafiya mai nisa zuwa gaɓar Lofoten domin ya zuba ƙwai. Wato lokacin da teku ya fi haɗari, lokacin ne abinci yake zuwa. Wanda ya jira bazara ya rasa rabonsa na shekara.

Idan an kamo kifin sai a cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen itatuwan shanya a fili. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska mai sanyi ce kaɗai ke aikin, wajen wata uku, har yawancin nauyinsa ya tafi, ya zama abin da zai shekara da shekaru bai lalace ba. Kawunan ma a kan shanya su, su ne akasari ke zuwa Nijeriya. Sana'ar ta daɗe. Tun wajen shekara ta 1120 wani sarkinsu mai suna Oystein ya sa aka gina majami'a da ɗakunan kwana domin masunta a wani wuri da ake kira Vagan, gama mutane na zuwa daga garuruwa masu nisa cikin buɗaɗɗun kwalekwale, suna tuƙi da hannu, iska kuma na tura filafilansu.

Labarin da ya fi shahara game da wannan kifi na wani attajiri ne ɗan birnin Venis a Italiya, mai suna Pietro Querini. A watan Afrilu na 1431 ya taso daga tsibirin Karita da jirgi cike da gangunan ruwan inabi da kayan yaji, zai kai su birnin Bruges, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Mutum 68 ne a jirgin. Tafiyar da ya kamata a gama kafin sanyi ya shigo ta yi ta samun tsaiko, sai da aka tsaya gyara a Cadiz ta Sifen, aka kuma tsaya a Lisbon. Kafin su kai mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, Nuwamba ta yi. Guguwa ta taso ta kore su zuwa yamma da Ayalan. Katakon da ake juya akalar jirgi da shi ya karye, filafilai suka yayyage, jirgin ya koma kamar ƙwarya a kan ruwa, inda iska ta ga dama nan yake bi.

Ran 17 ga Disamba suka haƙura da jirgin, suka rabu cikin ƙananan kwalekwale biyu. Ƙaramin ya ɗauki mutum 21, ba a sake jin ɗuriyarsu ba har wa yau. Babban ya ɗauki 47, har da Querini. Ku tsaya ku yi tunanin mutanen nan. 'Yan ƙasar rana ne, sun saba da ɗumin Bahar Rum, ga su a buɗaɗɗen kwalekwale a tsakiyar sanyi, ruwa na shigowa suna kwarfewa dare da rana, dare kuma kullum ƙara tsawo yake yi domin igiyar ruwa arewa take jan su. Abin sha ya ƙare. Waɗansu ƙishi ya sa suka sha ruwan teku, ruwan gishiri kuwa ƙara ƙishi yake yi, ya gaggauta mutuwa. Kusan kowace safiya sai an jefa gawa a ruwa. A haka suka yi Kirsimeti.

A farkon Janairu 1432 suka hango dutse lulluɓe da dusar ƙanƙara. Mutum 16 ne suka taka ƙasa da rai. Wurin wani ɗan tsibiri ne da ba kowa, a gefen Rost, ƙarshen Lofoten ta kudu, wajen kilomita 100 daga babbar gaɓa. Suka narkar da dusar ƙanƙara suka sha, suka riƙa ɓamɓaro 'yan dodon koɗi daga jikin duwatsu suna ci, suka ƙona katakon kwalekwalensu domin jin ɗumi. Daga baya suka tarar da wata bukkar masunta da ba kowa ciki suka fake, suka kuma sami wani ƙaton naman ruwa da teku ya turo gaɓa, wanda ya riƙe su kwanaki. Duk da haka mutuwa ba ta daina ɗauka ba. Kusan wata guda suka yi a wurin.

Masuntan Rost ne suka gano su. Harshe bai zo ɗaya ba, ba mai jin wani. Amma a tsibirin akwai wani firist Bajamushe da ya iya Latin, shi ya zama tafinta. Ya kai maganar gaban jama'arsa, a farkon Fabrairu kuwa mutanen suka tura kwalekwalensu cikin wannan sanyi suka kwaso baƙin. Mutum 11 ne suka rayu cikin 68. Aka rarraba su gida-gida.

Mutanen Rost a lokacin ba su wuce 120 ba, kuma ba masu arziki ba ne. Ƙasarsu ba ta ba da hatsin kirki, sai sun kai busasshen kifi birnin Bergen sun musanya da gari da tufafi. Ciyar da ƙarti 11 da yunwa ta cinye, a lokacin da abincin gida ke ja baya, ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka sun riƙe su sama da wata uku. Querini da biyu daga cikin mutanensa sun rubuta abin da suka gani bayan sun koma gida, shi ya sa labarin ya iso gare mu. Sun yi mamakin mutanen da ba sa kulle ƙofa ko akwati, masu zuwa sujada da aminci, waɗanda suka kwantar da baƙi a ɗaki ɗaya da iyalinsu ba tare da zargi ba. A tsakiyar Mayu aka sa su a jirgin da ke kai kifi kudu, aka ba Querini busasshen kifi guda 60 guzuri. Suka bi ta Trondheim da Suwidin, bayan watanni suka isa gida. Mutanen yankin Venis suna danganta shigowar wannan kifi cikin girkinsu da tafiyar Querini, har yau kuma Italiya ce ke sayen mafi kyawunsa.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai ji wannan labari ba tare da ya tuna Ayyukan Manzanni sura 27 da 28 ba. Jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus shi ma daga Karita ya taso, shi ma a makare, bayan lokacin da tafiyar teku ke da lafiya ya wuce. Mutum 276 suka yi mako biyu guguwa na wasa da su, ba rana ba taurari, har jirgin ya farfashe a gaɓar Malita. Ana ruwa, ana sanyi. Mutanen tsibirin suka hura wuta suka karɓe su duka, fursuna da soja da matuƙi, suka riƙe su wata uku, da za su tafi kuma suka yi musu guzuri. Ku lura da abu ɗaya: mutanen Malita ba su san Yesu ba a ranar da suka hura wutar nan. Luka bai ɓoye wannan ba, bai kuma rage musu yabo saboda shi ba. Allah ya yi wa Bulus alkawarin tsira, amma hannun da ya cika alkawarin a gaɓa hannun baƙin mutane ne masu wani addini. A Malita waɗanda ba masu bi ba ne suka ceci manzo. A Rost kuwa masu bi ne suka ceci mutanen da ba su san daga inda suka fito ba. Ta kowace fuska, ba wanda ya tsaya tambayar asali kafin ya miƙa hannu.

Me ya sa mutanen Rost suka yi saurin tausayi haka? Ina ganin domin sun san ruwa. Kowane gida a waɗannan tsibirai yana da wanda ya fita su bai dawo ba. Ƙarnuka bayan Querini abin bai sake ba. A ƙarshen ƙarni na 19 masunta sama da 30,000 ne ke taruwa a Lofoten kowane lokacin sanyi, yawancinsu a buɗaɗɗun kwalekwale. Ran 11 ga Fabrairu 1849 guguwa ta auka musu ba zato, ɗaruruwan maza suka hallaka a yini ɗaya, ƙauyuka suka cika da gwauraye da marayu. Idan kwalekwale ya kife, masunta kan hau bayansa su kafa wuƙa a katako su riƙe, suna jiran ko wani zai zo kafin sanyi ya kwance musu yatsu.

Jama'ar ƙasar sun daɗe suna kuka da binne mutane, kafin waɗansu su ce kuka kaɗai bai isa ba. A 1891 wani likita mai suna Oscar Tybring ya jagoranci kafa ƙungiyar ceto a teku ta Norwe. Suka nemi gwanin sassaƙa jirgi, Colin Archer, wanda shi ne ya ƙera Fram, jirgin da Fridtjof Nansen ya shiga ƙanƙarar arewa da shi a 1893 ya yi shekara uku bai farfashe ba. A wannan shekara ta 1893 Archer ya ƙera musu jirgin ceto mai filafilai, aka sa masa sunansa. Aikinsa shi ne ya bi masunta zuwa inda suke su, ya zauna a teku lokacin da kowa ke gudu zuwa gaɓa. A Mayu 1894, a wani ƙauye mai suna Hamningberg can ƙuryar arewa, ya shiga guguwar da manyan jirage suka kasa tunkara, ya fito da mutum 36 da rai. Kuɗin aikin daga gudummawar talakawa ya riƙa fitowa, mata suna haɗa ƙungiyoyi a garuruwa suna saƙa da sayarwa, kamar dai yadda Zumuntar Mata ke riƙe ayyuka da yawa a ikilisiyoyinmu. A 1898 kuma aka gina babbar majami'ar katako a Vagan mai ɗaukar mutum wajen 1,200, domin baƙin masunta su sami wurin sujada.

Kifin ya daɗe yana shigowa Nijeriya ta hanyar ciniki tun kafin mulkin kai, amma abin da ya ƙara kafa shi a tukunyarmu abin baƙin ciki ne. A yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, yunwa ta kama yankin Biyafara, yara suka kumbura da ciwon tamowa saboda rashin abinci mai gina jiki. Ikilisiyoyin Turai da Amurka, Katolika da Furotesta, suka haɗa kai suka riƙa tashi da jiragen sama daga tsibirin Sao Tome da dare, suna sauka a Uli, a kan wata hanyar mota da aka faɗaɗa. Sun yi sawu sama da 5,000, waɗansu matuƙan kuma sun rasa rayukansu. Cikin kayan da hukumar agaji ta ikilisiyar Norwe ta aiko har da wannan busasshen kifi, domin ba ya bukatar firji, ba ya ruɓewa da zafi, ɗan kaɗan kuma yana gina jiki. Jikokin mutanen da suka ciyar da baƙi 11 a 1432 sun ciyar da yaran Nijeriya da ba su taɓa gani ba, da irin kifin nan dai. Mu 'yan Arewa ba za mu karanta wannan da girman kai ba, gama kashe-kashen 1966 da suka kori dubban Ibo daga garuruwanmu, har da Kaduna, suna cikin abin da ya kai ƙasar ga yaƙin.

To, ina ruwanmu da wannan duka, mu da ba mu da teku? Muna da kogi. Tun rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kiristoci da yawa sun tattara sun koma kudu, Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi, Musulmi da yawa kuma sun koma arewa. Da yawanku an haife ku bayan an riga an rabu, kun tashi ba ku da aboki ko ɗaya a ƙetaren gada. Babbar Kasuwa na cikin 'yan wuraren da suka rage inda kowa ke haɗa kafaɗa da kowa, Bahaushe mai tumatir da Ibo mai okporoko da Bajju da Bagwari da Bayarabe. Ba zan ce muku tsoro ba shi da dalili ba. Akwai a cikinku waɗanda suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda aka biya kuɗin fansa kafin iyayensu su dawo. Mutanen Rost ma suna da dalilin tsoro: baƙi ne maza, ba a san harshensu ba, a zamanin da 'yan fashin teku ke yawo. Sun buɗe ƙofa duk da haka.

Irin wannan ya faru kusa da mu. A Yuni 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Wannan mutumin Malita ne na zamaninmu. Tambayar da ta rage gare mu ita ce, ranar da wanda ba namu ba ya faɗo ƙofarmu a guje, za a same mu mutanen Rost? Ubangijinmu ya faɗa a Matiyu sura 25 cewa abin da aka yi wa baƙo da mayunwaci da marar tufa, shi aka yi wa. Bai sa sharaɗin ƙabila ko addini a kan wanda za a taimaka ba.

Waɗanda jirginsu ya farfashe suna nan tare da mu, sai dai ba a jiƙe suke zuwa ba. Iyalan da aka kora daga ƙauyukan Kajuru da Chikun da Birnin Gwari suna cunkushe a ɗakunan 'yan'uwa da kangaye. Yaron da ya sauka a tashar Kawo da jaka ɗaya, wanda ya ce zai tarye shi kuma ya kashe waya. Almajirin da ke kwana a bakin rumfa cikin hunturu ba bargo. Yarinyar da aka kawo aikatau aka kore ta da dare. Ga abubuwa uku da nake roƙon zumuntarmu ta ɗauka daga wannan tarihi.

Na fari, ku zama masu gani. Mutanen Querini sun yi kusan wata guda suna mutuwa ba nisa da gidajen da ke da wuta da abinci, domin ba wanda ya san suna wurin. Ranar Lahadi ku duba wanda ya zauna a bencin baya shi kaɗai, ku tambaye shi sunansa da inda ya kwana.

Na biyu, ku zama tafinta. Ba don firist ɗin nan ya saurari baƙin ya kai kukansu gaban jama'a ba, da tausayin bai zama aiki ba. Ku da kuke jin Hausa da Turanci da yaren gida, kuna riƙe da waya, ku ne za ku iya kai maganar mai bukata gaban dattawan ikilisiya, ko ku raka shi asibiti ku yi masa bayani.

Na uku, ku shirya tun kafin guguwa. An ƙera jirgin ceto ne a lokacin da teku ke kwance. Kafin hunturu ya kankama, kowane ɗan zumunta ya kawo rigar sanyi ɗaya ko bargo ɗaya. A ware wani abu daga baikon matasa kowane wata, a rubuta, a sa mutum biyu su riƙe. A san gidaje uku ko huɗu da suka yarda su karɓi baƙo na kwana biyu, da sanin fasto da dattawa, mata wurin mata, maza wurin maza. Rabon kuma kada ya tsaya a ƙofar majami'a, a ƙetara gada da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mutum 120 sun riƙe 11 har sanyi ya wuce, mu kuwa mun fi su yawa.

A wannan mako ku karanta Ayyukan Manzanni 27 da 28, da Zabura 107, da Ibraniyawa 13.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, mai mulkin teku da tudu, muna gode maka domin waɗanda suke shiga ruwa cikin sanyi da duhu domin abinci ya kai tukunyarmu. Ka kiyaye su. Ka tuna da waɗanda aka raba da gidajensu a jiharmu. Ka cire mana tsoron da ke kulle ƙofa, ka ba mu idon ganin baƙo da zuciyar karɓarsa, ko daga wane gefen kogi ya fito. Ka warkar da birninmu Kaduna. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.